Mutanen Zango, Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Aiki Kafin Mu Tura Su Saman Bene



Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2003 ya san inda unguwar Zanguwetin take a Wagadugu. Fatake ne suka kafa ta, masu bin hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, waɗanda suka sauke kaya a ƙasar Mosi, wasu suka zarce, wasu suka ga wurin zama suka zauna. A 2003 katafilolin shirin ZACA suka shigo tsakiyar gari, suka share Zanguwetin da Tiyedpalogo da maƙwabtansu, aka tashi mutum sama da 12,000. Wasu aka ba su fili a gefen Waga 2000, wasu a Niyoko, wasu suka watsu cikin unguwannin da ba a yanka ba, har can Zongo ta yammacin gari. Aka ce benaye za a gina a kufanmu. An daɗe ana jira, ciyawa ta ci wurin shekaru, amma yau ga benayen nan suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

To, ku je ku tsaya a gindinsu da hantsi, ku ɗaga kai. Wa ke ɗauke da kwanon kankare a ka yana hawa hawa na huɗu? Wa ke tafe a kan katako guda, silifas a ƙafa, ba igiya a ƙugu, ba hular kwano a ka? A cikinsu akwai jikokin mutanen da aka tasa daga wannan filin. Suna gina gidajen da ba za su taɓa kwana a ciki ba, da kuɗin yini, ba takardar shaidar sana'a, ba sunansu a littafin kowa. In ɗayansu ya faɗo, kafin la'asar an sami wani ya ɗauki kwanonsa.

Wannan ne ya sa na ɗaga murya. Mun iya haɗa kai a kan biki da suna da zaman makoki. Ina kiranmu mu haɗa kai a kan abin da zai rage mana zaman makokin.

Ranar 31 ga Agusta 2021, wani gini da ake kan yi a Jami'ar Norbert Zongo ta Kudugu ya rufta, mutum huɗu suka rasu, uku daga cikinsu ɗalibai ne da suka je wurin don sanin makamar aiki. Ranar 30 ga Disamba 2022, a filin jirgin sama da ake ginawa a Donsin, nan kusa da mu, wani ginin ya sake ruftawa a kan ma'aikata, bakwai suka riga mu gidan gaskiya. A watan Afrilun 2022, ruwa ya cika ramin haƙar ma'adinin zinki na Perkowa da mutum takwas a ƙarƙashin ƙasa. Ƙasa baki ɗaya ta yi sama da wata guda tana addu'a ana zuƙe ruwa, aka kai ga ɗakin tsira da ake fatan suna ciki, aka tarar ba kowa. Daga baya kotu a Kudugu ta sami biyu daga cikin shugabannin aikin da laifin kisa ba da niyya ba. Waɗannan manyan ayyuka ne, masu injiniyoyi da takardu da tambari, shi ya sa rediyo ya faɗa, ministoci suka je. Yaron da ya zamo daga saman gidan wani alhaji a bayan gari kuwa, babu gidan rediyon da zai ambaci sunansa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa kowace shekara sanadin aikinsu, kuma mafi yawansu ba faɗuwa ce ke kashe su ba, ciwo ne da aikin ya dasa musu a jiki sannu a hankali.

Na san abin da za a ce, don shi muke faɗa a kowace tabarmar gaisuwa: kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa, kuma ni ba malami ba ne da zan tsoma baki a wannan babin. Amma ku tambayi malaman namu: wanda ya sa buhu huɗu na siminti a inda ya kamata a sa bakwai, ya aljihunta kuɗin ukun, gini ya danne bayin Allah, shin zai tsaya gobe ƙiyama ya ce kwanansu ne ya ƙare? Mun mai da haƙuri mayafin rufe ha'inci da ganganci. Mamaci ya tafi da ƙaddararsa, mai sakaci kuma ya koma bakin aikinsa da safe, ba wanda ya ce masa kanzil.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ilimin da ke tsare rai a wurin gini ba wani boyayyen sirri ba ne. Ana koya shi, kuma mai hankali zai riƙe shi cikin 'yan kwanaki. Kankaren da zai ɗauki nauyin bene, a ƙa'ida kilo 350 na siminti ake zubawa a kowace mita kubik guda, wato buhu bakwai. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, kuma a wannan zafin namu sai ana shayar da shi ruwa, in ba haka ba ya bushe ta sama, cikinsa bai nuna ba. Sandunan da ke tokare da dakin ba a cire su don mai gida yana gaggawa, ko don kafinta zai kai katakon wani wurin aikin. Tsani, in tsayinsa zuwa inda ya jingina mita huɗu ne, gindinsa ya nisanci bango da mita ɗaya, a ɗaure kansa, ya kuma zarce bakin rufin. Ramin da ya kai ƙirjin mutum sai an tokare gefunansa, musamman da damina, don ƙasa ba ta sallama kafin ta rufto. Rodi mai tsawo ba a ɗaga shi tsaye a ƙarƙashin babbar wayar SONABEL, saboda wutar babban layi ba sai an taɓa ta take kama mutum ba, tsalle take yi. Masai ko rijiya ko tankin da ya daɗe a rufe, ba a zura kai ciki sai an ba shi iska, kuma wanda ya ga ɗan'uwansa ya sume a ciki kada ya bi shi da gudu, don haka ake ciro gawa biyu maimakon ɗaya. Wane ne a cikin yaranmu aka zaunar aka gaya masa waɗannan kafin ranar da ya fara aiki?

Ga yadda muke yi. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani birkila ko mai walda, ya ce: "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka, in ya yi ba daidai ba ka hukunta shi." Maigidan ya ce: "Ba komai, Alhaji, Allah ya yi masa albarka." Shi ke nan, an gama yarjejeniya. Yaro ya shekara yana sayo shayi da ɗauko ruwa, yana satar sana'a da ido. Ran da aka miƙa masa injin yankan ƙarfe, an riga an cire murfin da ke kare faifan, wai yana hana gani. Ran da ya fara walda, baƙin tabarau na kasuwa aka ba shi, irin na 'yan gayu. Cikin dare ido ya kama shi kamar an watsa masa yashi, yana kuka, uwarsa tana ɗiga masa abin da maƙwabciya ta ce. Da safe maigida ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, haka kowa ya fara, idon ne ke sabawa." Ido ba ya sabawa, ƙonewa yake yi. Maigidan ma ba mugu ba ne, abin da aka yi masa ne yake yi, kuma shi kansa yanzu sai ya kai takarda bakin hanci kafin ya karanta.

Ban raina koyon sana'a a hannun maigida ba. Ta wannan hanyar Hausawa suka fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ta nan Falke Barmu ya fito, maginin ƙauye da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, har aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sai dai su da ƙasa da azara suka yi aiki, kayan da kakanninsu suka san halinsu ciki da bai, kuma a garuruwanmu na asali akwai Sarkin Magina mai tsawatarwa in an yi aikin banza. Kankare da rodi da lantarki da fenti mai guba baƙi ne a wurinmu, ba mu gaje su ba, shi ya sa sai an je an koyo halinsu. Ɗan ƙasar nan Francis Kéré, mutumin Gando, da aikin kafinta ya fara. Ya tafi Jamus ya ƙaro ilimi, ya dawo ya gina makarantar ƙauyensu a 2001 tare da mutanen garin, yana koya musu aikin suna yi, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a duniyar zanen gine-gine. Hannu ɗaya ne da na yaranmu, karatun da aka ɗora a kai ne ya bambanta.

Wuraren koyon kuwa suna nan, ba sai an ƙetare teku ba. Akwai babbar cibiyar koyon sana'a ta Ziniyare, akwai cibiyar CEFPO a nan cikin Wagadugu, akwai asusun FAFPA da aka kafa musamman don tallafa wa koyon sana'a, kuma ƙungiya mai rajista ta fi mutum ɗaya samun kunnensa. Ga mai dogon karatu akwai 2iE, inda 'ya'yan ƙasashen Afirka da dama ke zuwa koyon injiniyanci, mu da ke kusa muna wucewa ta ƙofarta a kan babur. Akwai kuma jarrabawar CQP, takardar shaidar ƙwarewa da gwamnati ke bayarwa, wadda ta fi karkata ga abin da hannu ya iya. Wannan takardar ita ce ke raba wanda za a kira lebura da wanda za a kira ma'aikaci. Da ita ake shiga masana'antun Kosodo da kamfanonin haƙar zinariya da manyan 'yan kwangila ta ƙofar gaba. Babu ita, mutum zai shekara ashirin yana ɗora bulo, ranar da aka zo ɗaukar shugaban leburori a ɗauko yaron da ya haifa a ɗora masa.

Matsalarmu ta gaskiya Faransanci ne. Da yawa daga 'ya'yan Zango allo suka yi, ko madarasa, sun iya Hausa da Mosanci da Larabci, wasu har da Zabarmanci da Fulatanci, amma in aka ajiye musu takardar cikewa sai gumi ya karyo. Wannan ba dalilin zama ba ne. Muna da 'ya'ya da suka yi lakwal, muna da injiniyoyi da malaman asibiti da ma'aikatan gwamnati da suka fito daga gidajenmu. Ku dawo gida, ƙannena. Ku ba unguwa yammacin Asabar ɗaya a wata. Ku zauna a zauren mai unguwa ko a harabar makarantar Islamiyya, ku fassara wa magina da masu walda da masu haɗa wuta abin da aka koya muku, da Hausa, da tsani a jingine da bango ana nunawa. Mu gayyato 'yan kwana-kwana su koya mana agajin farko. Yawancinmu har yau in mutum ya faɗo daga sama, ɗaukarsa muke yi hannu da ƙafa mu ɗora a babur mu nufi asibitin Yalgado, alhali in ƙashin bayansa ya taɓu, wannan ɗaukar ce za ta kwantar da shi har abada. A bar shi kwance yadda yake, a riƙe kansa kada ya motsa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Wanda wuta ta kama, a kashe wutar tukuna kafin a taɓa shi. Wannan darasin bai kai awa guda ba.

Sai haƙƙin da doka ta ba mu, wanda muke bari a ƙasa don rashin sani. Dokar ƙwadago ta 2008 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa da ba su kayan kariya, ba a cire kuɗin daga ladansu ba. Ta ce duk ma'aikatar da ke da mutum 30 ko fiye sai ta kafa kwamitin tsaro da lafiya. Ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki, aiki mai haɗari kuma sai ya cika 18. Wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS, kuma kason haɗarin aiki mai ba da aikin ne ke biya shi kaɗai. In haɗari ya auku, ko a wurin aikin ko a hanyar zuwa da dawowa, kwana biyu ke gare shi ya kai rahoto, daga nan asusun ya ɗauki magani, in an nakasa a biya diyya, in an rasu a ba iyali. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 45,000 ne a wata. Nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar maigidansu lambar CNSS ɗinsu? Abin da muka saba shi ne a kawo wa gwauruwa buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan ranar sadakar uku, mu ce an kyauta.

Na san dalilin shirun. Tun da rashin tsaro ya raba mutum sama da miliyan biyu da gidajensu a ƙasar nan, gari ya cika da masu neman abin sawa a baki, kuma wanda ya ce sai an ba shi hular kwano, akwai goma a bayansa da za su hau ba ita. Shi ya sa mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma in maginan unguwa suka zama ƙungiya, da rajista da shugabanni da asusu, suka yi adashi suka sayi huluna da takalma da igiyoyin ɗaure ƙugu da gilashin walda na gaske, suka ce ɗanmu ba ya hawa sama da hawa ɗaya ba igiya, to magana ta canja. 'Yan'uwanmu da suka gudo, mu jawo su cikin ƙungiyar, kada mu bari a yi amfani da yunwarsu a karya mu duka.

Yanzu gare ku, alhazai masu gina gidajen haya, da dillalan filaye, da 'yan kwangilar cikinmu. Ku ne masu ba da aiki a unguwa, kuma sau da yawa ku ne masu cewa a rage. A rage siminti, a sa rodi siriri, a ƙara hawa ɗaya a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa. Akwai ofishin CEFAC da ake neman izinin gini, akwai LNBTP, ɗakin gwaje-gwajen gwamnati da ke auna ƙasa da kankare kafin a ɗora musu nauyi. Kuɗin da za ku ba su bai kama ƙafar abin da kuke kashewa a kan tayil da ƙofar gilashi ba. Ku tuna 1 ga Satumba 2009, ranar da ruwan sama sama da milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin sa'o'i kaɗan, mutum wajen 150,000 suka rasa matsuguni, aka kwashi da yawa zuwa Yagma. Ruwan ya fi ƙarfin kowa, amma ya nuna mana a fili gidan da aka yi wa harsashi da wanda aka ɗora a kan hanyar ruwa. Dillalin da ya san wuri kwari ne ya sayar wa marayu, shi ma yana buƙatar a koya masa sana'arsa, da kuma tsoron Allah.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba, don ku ma kuna cikin ƙurar. Duk mai bi ta Pisi ya ga ramin dutsen nan, inda mata ke zaune tun safe suna farfasa dutse da guduma, goyo a baya, hayaƙin tayoyin da ake ƙonawa don dutsen ya tsage yana turnuƙe su. Tsakuwar da ke cikin benayen garin nan daga irin hannayensu take fitowa. Ƙurar dutse in ta shiga huhu ba ta fita, kuma tarin da take kawowa sai bayan shekaru yake bayyana, lokacin da ba magani. Yayyafa ruwa a kan dutsen, da abin rufe hanci na ƙwarai, da nisanta jarirai daga wurin, suna rage cutar sosai. Ku kuma masu adashi da ƙungiyoyin biki, ku ware zubi ɗaya a shekara ku biya wa yaro ɗaya ko yarinya ɗaya kuɗin makarantar sana'a. Na ce yarinya da gangan: haɗa wutar gida da aikin sola da zanen gini ba su san namiji ko mace ba, kuma matar aure a cikin kulle za ta fi sakewa in mace ce ta shigo gyara mata wuta.

Malamai da limamai, mumbari naku ne. Huɗuba ɗaya a kan haƙƙin lebura da haramcin ha'inci a gini za ta kai inda takardun gwamnati ba sa kaiwa. Masu unguwa da shugabannin Hausawa, ku ne za ku kira taron, don in ku kuka kira za a zo.

Ranar 28 ga Afrilu ce ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya, 30 ga Afrilu kuma ta Afirka. Kowace shekara ana yin bikinsu a manyan ɗakunan taro da Faransanci, mu kuwa muna saman bene a tsakiyar zafin bazara ba mu san ana yi ba. Kada mai zuwa ta same mu haka. Daga wannan Juma'ar, kowane masallaci ya sa mutum biyu su rubuta sunayen magina da kafintoci da masu walda da masu haɗa wuta da leburorin da ke salla a cikinsa, da yaran da ke ƙarƙashinsu, da shekarun kowane yaro. A haɗa sunayen a hannun mai unguwa. A zaɓi wakilai su je CNSS da FAFPA da barikin 'yan kwana-kwana da takarda a hannu, su ce ga mutanenmu, ga yawansu, ku ba mu rana ku zo ku koya mana a unguwarmu da harshenmu. Kai kuma uba, gobe da safe kafin ɗanka ya fita, tambaye shi hawa na nawa yake aiki, da me yake ɗaure ƙugunsa. In ya ce ba komai, sa hularka ka bi shi, ka je ka ga maigidan nasa ido da ido.